Ƙaramin Kwanon da Nake Fitarwa Ciyayya

Ni 'yar makiyaya ce. A kwarin Tarka aka haife ni, a gidan da in an ce abinci to nono ake nufi, in an yi baƙo kuma a kayar da ɗan akuya. Ganye a wurinmu na dabbobi ne. Mutum ba ya kai masa hannu sai shekarar da ruwa ya ƙi, a fita tsinkar jiga ana sunkuyar da kai kada wani ya gani. Na faɗi wannan tun farko don a san abin da na bari, domin har yau akwai masu cewa rowa ce ta sa na yi abin da na yi.

Lakwal, wato makarantar boko, ita ce ta fito da ni daga daji ta mai da ni malamar makaranta a Tanut, a can kuma na yi aure. Maigidana dillalin dabbobi ne, raƙuma da shanu. Mutum ne mai jiki, mai yawan dariya, wanda in ya shigo gida ko kaji sun san ya shigo. Ranar kasuwa ba ya dawowa hannu rabbana: ko balangu a takarda, ko tsokar tozo, ko kan rago a ce in yi farfesu. Ni ma ba na wasa da nama, in na kama ƙashi sai ya yi fari nake sakinsa. A kan wannan kam mun dace ƙwarai.

Ciwon ya fara ne da ƙeya. Kullum yana riƙe da bayan kansa yana cewa zafin ranar kasuwa ne ya buge shi. Daga nan ƙafafu suka soma kumbura, takalmin da yake sawa ya ƙi shiga. Da jiri ya ɗebe shi a tsakiyar kasuwa har aka riƙo shi, sai na daina lallashi, na sa shi gaba muka hau mota zuwa Damagaram.

Likitan ya auna, ya sake aunawa, ya sa aka ɗebi jini. Ya ce tansiyonsa, wato awon jininsa, ya hau inda bai kamata ba, jinin ya yi kitse, zuciyar ma ta fara gajiya. Ya rubuta ƙwayoyi, sannan ya juyo wurina.

"Madam, wannan rabin maganin ne. Ɗaya rabin yana cikin tukunyarki."

Ya lissafa abin da za a bari: jan nama, kitse, man shanu, nono mai maiƙo, gishiri, dunƙulen miya, har da kanwa. Ya ce a koma wake, gero, gyaɗa da ganye. Ya ce in ba a yi haka ba, wata rana jijiya za ta fashe a kai, ko dai mutum ya tafi, ko ɓarin jikinsa ya shanye.

A hanyar dawowa motar ta tsaya a Bakin Birji, masu tsire suka kewaye tagogi. Maigidan ya dube su, ya dube ni.

"To, me ya rage mini a duniya?"

"Ni na rage," na ce. "In ka bari, ni ma na bari. Ba zan ci abin da ba ka ci ba."

Ya lalubo hannuna ta ƙarƙashin mayafi ya riƙe, abin da bai taɓa yi a cikin mutane ba. Ya ce, "Na yi miki alkawari." Na yarda da shi, domin a iya zamanmu bai taɓa yi mini ƙarya a kan abu mai nauyi ba.

Wanda bai gwada ba zai ɗauka cire nama daga tukunya abu ne mai sauƙi. Tuwonmu na farko da miyar kuka ba gishiri ba mai, mun zauna muna kallonsa shi ma yana kallonmu. Wake ba kanwa kuwa cin itace yake yi kamar gobara, ga itace a ƙasarmu ta Damargu ba arha ba. Sai da na koyi jiƙa shi tun daren jiya kafin ya yarda ya nuna a kan lokaci. Makonnin farko cikinmu ya yi ta kiɗa, maigidan yana tsokanata wai na mai da ɗakinmu barikin soja. Na gano cewa tsamiya da yakuwa da albasa da tafarnuwa suna rufe gurbin gishiri in an iya da su, daddawar batso kuma tana ba miya nauyin da nama yake bayarwa. Da damina na shanya tafasa da rama da lalo har rufin ɗaki ya cika, don na san in rani ya shigo ganye ɗanye sai wanda motar Agadas ta sauke, shi ma ya iso a galabaice. Na dasa zogale a bayan madafa ina ba shi ruwan wanke-wanke, ina korar awakin unguwa da ashar.

A duk wannan akwai mai taya ni. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, aminiyata tun zuwana garin. Ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari, 'ya'yana Inna suke ce mata. Mijinta mahauci ne, abokin maigidana tun suna yara. Ita ta koya mini yin awara, yadda ake tace waken suya a zuba ruwan tsami ya haɗe. Da hantsin ranar da ba lakwal sai ta shigo da kujerarta mu zauna muna zage zogale muna hira. Takan ce, "Aminiya, ke kam Allah ya ba ki lada, ni ba zan iya ba."

Matsala ɗaya ce ta tsaya mini, ita ce ciyayya. A unguwarmu maza ba sa cin abincin dare a cikin gida. In an sallame magariba sai su shimfiɗa tabarmi a gefen masallaci, kowane gida ya fito da kwanonsa. Ba a cewa wannan nawa ne. A buɗe ɗaya kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Namijin da ya zauna ya ci a ɗaki shi da matarsa, gobe shi ne abin hira a kasuwa. Mata kuwa ba ma zuwa wurin, kwano kawai muke gani ya fita da nauyi ya dawo ba komai.

Na roƙe shi ya bar fita, ya ce wannan kam sai dai in kashe shi. Sai muka yi shawara. Zan riƙa zuba kwano biyu: babba na jama'a, da gishirinsa da mansa yadda aka saba, da wani ƙarami shuɗi mai murfi, nasa shi kaɗai. Ya ce ya yi musu bayani, sun ce lafiya ce gaba da komai. Shi da kansa yake ɗaukar ƙaramin, ba ya bari kowa ya taɓa, ni kuwa abin yana yi mini daɗi. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, sai na sa aminiyata ta bugi cikin mijinta. Washegari ta leƙo ta kan katanga.

"Na tambaye shi. Ya ce daga ƙaramin kwanon kaɗai yake ci, ko kallon na wasu ba ya yi."

Daga ranar na saki jiki. A kan kwanon nan na ƙare basirata. Yau dambun gero da zogale da ƙuli-ƙuli, gobe faten wake da yakuwa, jibi tuwo mai laushi da miyar gyaɗa da awara a ciki. Kullum yana dawowa a suɗe tas, har murfin. In na tambaya sai maigidan ya ce, "Madam, hannunki ya faɗa." Wani lokaci nakan ji ƙanshin man shanu a gemunsa, ya ce ai dole, wanda ya zauna tsakiyar masu ci ba ya tashi ba ƙanshi. Mu yi dariya.

Babbar Salla ta zo, ita ce jarrabawata. Aka yanka rago aka banƙare shi a jikin itace gefen wuta yadda ake yi, ni na soya kayan ciki, washegari na soye sauran na rarraba wa dangi da maƙwabta. Hayaƙin kitse yana shiga hancina, yawuna yana tsinkewa, ko yatsana ban lasa ba. Na shiga ɗaki na yi kuka kaɗan, ba na ɓoyewa, don na tuna mahaifiyata da yadda take ajiye mini ƙoda. Na fito na dafa mana wake. Yayar maigidan da ta zo daga Belbeji ta leƙa kwanonmu ta tafa hannu.

"Yanzu ƙanena ne da layyarsa a rataye yake cin abincin shekarar yunwa? Kin mai da shi akuya."

Na haɗiye. Na ce a raina akuya mai rai ta fi mini.

Ni dai jikina ya karɓa. Nauyin da na tara bayan haihuwa ya sauka, gwiwoyina suka daina ƙara in na tashi daga salla, barcin da ke kama ni a aji bayan azahar ya tafi. Akwai lokacin da na riƙa ganin duhu-duhu in na miƙe, manjon asibitin garinmu, wato babban mai jinya, ya ce jinina ya yi ƙasa. Ya ba ni ƙwayar ƙarin jini, ya ce in yawaita zogale da wake, in bar shan shayi a kan abinci, kuma ni da ba a hana ni ba in riƙa shan nono jefi-jefi. Ƙwayar na karɓa, nonon na ƙi, saboda alkawari. A hakan ma abin ya daidaita.

Na maigidan ne ya ƙi. Da fari kumburin ya ɗan saɓe, daga baya ya dawo. Duk zuwan da za mu yi, manjo ya ɗaura masa abin awo ya girgiza kai, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Madam, kin tabbata kuwa? Ku mata akwai tausayi. Ɗan gishiri kaɗan, ɗan romo kaɗan."

Raina ya ɓaci, na ce ya zo gidan ya ɗanɗana. Maigidan yana zaune yana kallon ƙasa, na ɗauka kunyar faɗan da nake yi ce. Na koma gida na ƙara matsawa. Na rage man gyaɗa, na daina sayen ƙuli-ƙulin kasuwa don suna sa gishiri, na koma yin nawa. Har daddawa na riƙa tuhuma. Na kwana ina tunanin ta ina nake kuskure.

Wata safiya yana shirin tafiya kasuwar Belbeji, yana tsaye yana naɗa rawani, sai na ga bakin rawanin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, ya tafi gaba ɗaya. Da na ɗago kansa bakinsa ya karkace, yana kirana maganar ba ta fita.

A Damagaram likita ya faɗi abin da na riga na gani: ɓarin dama ya shanye. Ya tambaye ni ko an kiyaye abincin, na rantse masa. Bai ce ƙarya nake ba, amma na ga bai yarda ba.

Bayan 'yan kwanaki matan unguwa suka cika mota suka zo dubiya. Aminiyata ce a gaba, da kula a hannu. Tana buɗewa ƙanshin farfesun kan rago ya cika ɗakin. Na ce ta rufe, ba ya ci. Sai ta fashe da kuka, kuka na gaskiya, ta zauna bakin gadon.

"Aminiya, ki bar shi ya sha ko romon ne. Wallahi mun yi iyakar ƙoƙarinmu. Kullum sai na ware mishi nashi, wurin mai kitsen, in tura gabanshi. Ba ni kaɗai ba, duk gidajen nan kowa na ƙara mishi. Amma ci ɗaya a yini ina zai riƙe ƙaton mutum kamar wannan, safe ganye rana ganye? Ga shi jikin ya kasa."

Ban gane ba da farko. Na dubi sauran matan, kowacce tana gyaɗa kai, wata ma tana cewa ita ranar da ta yi taushe man shanu cokali biyu take sa masa. Ba ɓoyewa suke ba, alheri suke lissafawa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun satin farko. Shi ya faɗa ma maigidana yunwa yake kwana da ita. Yayarshi ma da ta zo Salla ta roƙe mu kada mu bari."

"Ranar da kika leƙo ta katanga kika ce daga ƙaramin kwano kaɗai yake ci fa?"

Ta share hawaye da bakin mayafi. "To me zan ce miki? Ke in kin kafe ba a tanƙwara ki."

Na tuna hantsin da muka yi ta zage zogale da matar nan, gwiwarta tana gugar tawa, tana sa mini albarka, ashe in ta tashi gida za ta ta zaɓar masa kitse. Na tuna ƙodar layyar da na soya ban lasa ba. Na juya na dubi mai alkawarin, idonsa biyu, yana jin komai. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ke motsi. Ban share masa ba.

Na ɗauki kular na rufe, na sa mata a cinya. Na ce, "Tashi ki fita da abinki." A wurinmu ba a mayar wa mutum da kwanonsa cike, kowa a ɗakin ya san abin da hakan yake nufi. Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Kafin su kai Tanut labari ya riga su: na kashe wa mijina jiki da ganye, na kuma kori masu dubiya.

An ci amanata, ba ni da wata kalmar da ta fi wannan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba maƙiyi ko ɗaya a cikinsu. Unguwa guda ta haɗa kai, maza suna gani, mata suna zubawa, kowa yana ganin ceton rai yake daga hannuna. Likita yana ganin na ba shi gishiri, dangi suna ganin na hana shi nama. Shi kuwa wanda zai iya raba gardamar da kalma ɗaya, lokacin da yake da baki bai faɗa ba, yanzu bakin ya tafi.

Muka dawo gida. Na ɗauki hutu daga lakwal, na koyi juya shi, da yi masa alwala, da murza masa hannun da ya mutu. Tambaya ɗaya ce ban samu wanda zan yi wa ba: in ba shi yake cin na ƙaramin kwanon ba, wa yake suɗe shi haka? Na fi zaton awaki ake juye wa, in na tuna sai in ji kamar in fasa kwanon.

Wata la'asar ladanin masallacinmu ya yi sallama. Tsoho ne tukuf, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, matarsa ta daɗe da rasuwa. Na san shi da sanda da jan ƙafa, ranar kuwa sai da ya zauna na lura ba sandar. Ya yi wa maigidan addu'a mai tsawo, ya shafa. Sannan ya juyo wurina yana murza hularsa.

"Ɗiyata, ba roƙo na zo ba. Godiya ce ban taɓa samu na yi miki ba, ta sadakar nan da kike aiko mini."

"Wace sadaka, Baba?"

"Ƙaramin kwanon nan shuɗi. Alhaji maigidanki ya ce ke kika ce nawa ne, tunda ba ni da haƙoran nama. Kullum da hannunshi yake ajiye mini. Da fari na ji shi salam, ba gishiri, na ce kyauta ba a raina ta. Daga baya bakina ya saba." Ya ɗage bakin rigarsa ya nuna mini idon sawunsa. "Dubi nan. Da kumbure suke kamar tulu. Manjo ma ya auna ni ya ce tansiyona ya sauka, wai me nake ci. Daminar bana da ƙafata na je gona. Ban taɓa tashi daga kan kwanon nan ban yi miki addu'a ba."

Na dubi ƙafafun tsohon, siraran ƙafafu masu lafiya, jijiyoyinsu a fili. Ashe ban yi kuskure ko ɗaya ba. Jiƙon waken, da ƙulin da na soya da hannuna, da zogalen da na yi ta faɗa da awaki a kansa, duk sun yi aikin da likita ya ce za su yi. Na waiga wurin maigidan. Ya rufe ido, ya juyar da kansa wajen bango da ƙyar.

Na ce, "Baba, kwanonka zai ci gaba da zuwa."

Da magariba na zuba faten wake da yakuwa a ƙaramin kwanon na aika gidan ladan. Na zuba sauran a faranti, na tayar da maigidan na jingina shi da matashi, na ɗaura masa tsumma a wuya. Ta kan katanga ƙanshin suya yana shigowa daga gidan da ban ƙara takawa ba. Ina jinyarsa, zan kuma yi ta yi har inda Allah ya nufa, amma ban yafe ba tukuna, shi ma ya sani. Na ɗebo a cokali na hura na kai bakinsa. Ya buɗe ya karɓa, ya cinye bai bar komai ba. Yanzu kam na tabbata shi yake ci, tunda ni nake ba shi.